Ranar Da Na Rufe Tagogi Muka Yi Waƙa

A shekarar da korona ta shigo ina da shekara arba'in da shida, ina sayar da busasshiyar citta a Kafanchan, kuma ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Ga wanda bai san aikin ba, mai ba da waƙa ita ce ke tsayawa a gaba ta ja baiti, sauran mata su amsa. Shekara goma sha shida na yi ina wannan aiki, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya fasa mini kai. Ubangiji ya ba ni murya irin wadda ba ta neman lasifika. Mijina, malamin makaranta ne mai sanyin hali, yakan tsokane ni wai in na kira 'ya'yana cin abinci, yaran layi uku ne ke wanke hannu. Ni kuwa sai in ji daɗi. Mace ce ni mai son a ce ni ce, wadda in ta sa abu a gaba ba ta jin bari. Na rubuto muku ne domin akwai tsohuwar da ta rasa ranta a dalilin wannan hali nawa, kuma ina so wata ta ji kafin ta yi irin abin da na yi. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka san mu za su gane, kuma yanzu ban damu su gane ba.

Tsohuwar nan Mama muke ce mata, dukanmu, har matar fasto. 'Yar Kagoro ce, ta haura saba'in, gajeruwa, tana fama da ciwon suga da hawan jini, amma ba ta taɓa fashin sujada ba. Ita ke buga mana tulu, wanda muke kiɗa da shi in muna waƙa, ita ce kuma ke tsara sababbin waƙoƙi. Ba ta iya rubutu sosai ba, a ka take riƙe su. Lokacin da aka kawo ni aure daga wani ƙauye kusa da Nok, uwata ta riga ta rasu, ban san kowa a garin ba. Wata Lahadi ina bin waƙa a hankali daga bencin baya, sai ta waiwayo ta dube ni. Ana tashi ta kama hannuna, ta ce wannan murya ba na ɓoyewa ba ne, in zo ranar Laraba. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji, "yarinyana" take kirana har furfura ta fara fito mini. Ita ta zauna da ni a haihuwata ta fari, ita ke shiga tsakanina da mijina in bakina ya yi yawa. Uwa dai, in ban da nono, babu abin da ba ta ba ni ba.

Muna da wata al'ada a zumuntarmu. Duk matar da ke cikinmu, in 'yarta za ta yi aure, sai a tsara wa yarinyar waƙa tata ta kanta, da sunanta, da sunan gidan da za ta, da gargaɗi da albarka, a rera mata ranar sallama. Ba a maimaita waƙar wata ga wata. Na ja wa 'ya'yan mutane irin wannan waƙa ban san iyaka ba, ina kallon iyayensu suna share hawaye da bakin zane, ina cewa a raina tawa ranar tana tafe. 'Ya mace ɗaya gare ni, sauran duk maza ne. An sa bikinta bayan Ista, mun fitar da anko, Mama har ta fara haɗa baitoci. Sai ga dokar kulle. Aka rufe majami'u da masallatai, aka hana taro, biki ya ɗage. Na yi ta kumburi a gida, ina jin haushin kowa, har da rediyo.

Da aka fara sassautawa, dangin ango suka ce a ɗaura auren kawai da mutane kaɗan, tunda ba wanda ya san ranar da abin zai wuce. Baba Fasto ya yarda, amma ya ja mana kunne cewa babu taron zumunta, babu koyon waƙa, sai an ba da izini. Na ce masa to, Baba. A zuciyata kuwa na riga na yanke shawara. A ce 'ya'yan kowa sun tafi da waƙarsu, tawa ta tafi shiru kamar an sato ta? Na shirya cewa za mu taru a falona ranar Asabar, mako ɗaya kafin biki, mu koyi waƙar, mu ɗauka a waya, amarya ta tafi da ita gidan miji.

Kafin wannan Asabar ɗin na je Sabon Tasha a Kaduna karɓo kayan amarya da na ba da ajiya wurin wata 'yar uwata. A ƙaramar bas na dawo, mun cika ta maƙil. Ruwan sama ya tsuge tun daga hanya, kowa ya ja gilashinsa, wani mutum a bayana yana ta tari har muka iso. Takunkumina yana haɓa, domin in na sa shi sai in ji kamar an shaƙe ni. Bayan kwana huɗu maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi, jikina ya yi nauyi. Na ce zazzaɓin sauro ne na damina, na sayi magani a kemis. Ranar Alhamis da safe na buɗe shagon da nake ajiye citta. Duk mai wannan sana'a ya san cewa in ka buɗe ɗakin da busasshiyar citta ta kwana, ƙamshinta ne ke fara marinka, sai ka yi atishawa kafin ka shiga. Ran nan ban ji komai ba. Na ɓalli guda na kai hanci, shiru. Na tura fuskata cikin buhu, shiru. Na zauna a kan buhun, na gane me ake ciki, domin na ji a rediyo ba sau ɗaya ba cewa ɗaukewar ƙamshi tana cikin alamomin cutar.

A nan ne nake so a fahimce ni, ba don a tausaya mini ba. Ban yi abin da na yi cikin rashin sani ba. Na sani. Na zauna na auna abin da zai faru in na buɗe baki: mota za ta zo ƙofar gidana, mutane cikin fararen kaya su sauko, unguwa ta leƙo ta katanga. Biki zai sake ɗagewa. Surukai za su ce gidan masu korona. Ba wanda zai ƙara taɓa buhun cittata. Sai na fara lallashin kaina da maganganun da ake yi a kasuwa, wai cutar ta masu hawa jirgin sama ce, wai zafin ranarmu yana kashe ta, wai mai cin citta kullum ba ta kama shi. Na dafa citta da tafarnuwa da lemun tsami na yi ta sha. Ko mijina ban gaya wa ba.

Mutum biyu sun so su tsayar da ni, ba tare da sun san ba ni da lafiya ba. Ta farko wata ƙanwarmu ce a zumunta, nas ce a wani ƙaramin asibiti. Da na kira ta a waya ta ce, Anti, ita dai ba ta ga hikimar wannan taro ba, waƙa da ƙarfi a cikin ɗaki ta fi komai haɗari. Ta ce in ya zama dole, mu zauna a ƙarƙashin mangwaron tsakar gidana, kowa nesa da kowa, kuma kada a kira tsofaffi. Na yi mata dariya. Na ce da muryata da tulun Mama a ƙarƙashin mangwaro, ai gara in aika wa 'yan sintiri katin gayyata. Na ƙara mata da cewa karatu ya rage mata bangaskiya. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ita ba za ta zo ba. Ta biyu Mama ce da kanta. Ta ce, yarinyana, a bari mana, waƙa ba tumatir ba ne da zai ruɓe, ko amarya ya haihu za mu je mu yi masa a gida. Sai na sa mata kuka a waya. Na ce ba ni da uwa sai ita, in ita ma ta ƙi ni a ranar 'yata, shi ke nan. Na san inda zan taɓa ta, kuma nan na taɓa. Ta ce in share hawaye, za ta zo. 'Yarta da suke zama tare, tela ce, ba ta barinta fita a lokacin, sai Mama ta ce mata za ta je yi wa amarya addu'a ne ta dawo.

Ranar Asabar wajen ƙarfe uku suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, mu goma sha biyu muka taru. Mijina ya ce mini shi dai ransa bai kwanta ba, na ce to ya ɗauki ransa ya kai gona. Ya ɗauki fartanya ya fita. Kuma ku ji irin shirin da na yi, har ina yaba wa kaina. Na ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofa, kowa sai ta wanke hannu kafin ta shiga. Na goge kujeru da hannun ƙofa da ruwan magani. Na hana gaisawa da hannu, na hana runguma, kowa da kofinta. A tunanina cutar a jikin kaya take, in an goge an wanke, an gama da ita. Daga nan sai na juya ga abin da ya fi damuna, wato kada maƙwabta su ji. Na rufe tagogin falo duka uku, na saki labule. Na ga bai isa ba, na kwaso buhunan citta da babu komai ciki na rataya a kan tagogin don su tare sauti. Na naɗe tsohon zane na cusa a ƙarƙashin ƙofa. Wata ta ce na mai da falon tukunya, saura murfi, muka yi dariya. Da za a fara, kowa ta cire takunkuminta ta jefa a jaka, domin wa zai ja baiti da ƙyalle a baki?

Mai buga tulu dole ta ga bakin mai ba da waƙa don ta san inda za ta shiga. Saboda haka Mama ta zauna a kan 'yar kujera ta tsuguno a gabana, tulu a cinya, fuskarta a ɗage tana kallona, ni ina tsaye a kanta ina zuba murya. Mun fi awa biyu a haka. Babu wuta, ɗakin ya yi zafi, zufa ta jiƙa mana riguna. Sau biyu Mama ta ce, yarinyana, buɗe wundo kaɗan mu sha iska. Na farko na ce bari mu gama wannan baitin. Na biyu na ce, haba Mama, so kike a kwashe mu a mota, a nuna ki a talabijin da tulunki? Mata suka fashe da dariya, ita ma ta yi dariya, ta share goshinta ta ci gaba da bugu. Wayar da muke ɗauka da ita ta kama wannan maganar, ta kama tarina da nake dannewa tsakanin baitoci. Waƙar kuwa ta yi daɗi, wannan ba zan musa ba. Baiti tara ce, kuma a duk waƙoƙin da Mama ta tsara ban ji wadda ta kai ta ba. Da muka gama mata uku suna hawaye. Na raka su ƙofa ina jin na yi nasara.

Asabar ta zagayo aka ɗaura aure. Ni jikina ya riga ya fara sakewa. Aka sa wa amarya waƙarta, ta rungume ni tana kuka, na samu abin da na shekara ashirin ina jira. Amma Mama ba ta zo ba, aka ce zazzaɓi ya kwantar da ita. A wurin na ji cewa wasu mata uku daga cikin waɗanda suka zo falona su ma suna kwance. Mijina ma ya kwana biyu yana ciwon kai. Kowa sai cewa yake sauro ne, damina ce. Ni kaɗai na sha jinin jikina.

Washegari 'yar Mama ta kira ni. Ta ce Mama ta gaya mata gaskiyar inda ta je, ita ba faɗa ta kira yi ba, tambaya ɗaya take da ita. Ta ce, Yaya, don Allah a cikin waɗanda suka taru akwai wadda ba ta da lafiya a ranar? Ta ce tana so ta san ko ta ci gaba da ba ta maganin zazzaɓi, ko ta kai ta asibiti. Na ce mata kowa lafiya ƙalau ya zo, lafiya ƙalau ya tafi. Na ce ta kwantar da hankalinta, tsufa ne da gajiya. A duk abin da na aikata, wannan amsar ce ta fi hana ni sukuni, domin a ranar da sauran lokaci. Saboda maganata ta ƙara kwana uku da Mama a gida.

Ranar Laraba numfashinta ya fara sarƙewa, ko zuwa bayan gida sai ta huta a hanya. Aka kai ta asibiti, aka yi gwaji, aka wuce da ita Kaduna inda ake killace masu cutar, ba a bar kowa ya bi ta ba. Motar da nake gudu ta zo ƙofar gidana, mutanen da fararen kayansu suka sauko, unguwa ta leƙo. Ba su yi mana wulaƙanci ba, aikinsu suka yi. Suka gwada mu, aka sami cutar a jikina da na mijina da wasu mata biyar. Da suka tambaye ni yaushe na fara jin alamu, na ce kwana uku bayan taron. Na sake yin ƙarya, ido cikin ido. Da yake Mama ce ta fi kowa jin jiki, sai magana ta fara yawo a ikilisiya cewa ita ta kwaso cutar a asibitin da take zuwa awon suga, ta kawo mana. Ina ji, ina gani, na yi gum.

Kwananta tara a can. Wata safiya ina shara a tsakar gida, wayar mijina ta yi ƙara. Na ga ya cire hularsa yana saurare, sai tsintsiya ta faɗi daga hannuna. An kawo gawarta a rufe, ba a bari an buɗe ba. Mutane ƙalilan aka yarda su je biso, suka tsaya nesa-nesa, Baba Fasto ya yi gajeruwar addu'a. Matar da ta buga tulu a jana'izar rabin tsofaffin ikilisiyarmu, aka binne ta ba waƙa ko baiti ɗaya. Ni ban ma je ba, ina killace a gida. Na shiga ɗaki na rufe, na yi kukan da ban yi ba ko a mutuwar uwar da ta haife ni.

A kwanakin da muke killace, nas ɗin nan da na ce karatu ya rage mata bangaskiya, ita ce ke zuwa duba mu. Takan tsaya daga bakin ƙofa da takunkuminta, ba ta taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Wata rana na tambaye ta yadda aka yi cutar ta bi mu bayan duk wankin hannu da goge-gogen da na yi. Ta ce wanke hannu yana da kyau, amma wannan cuta ta fi bin iska. Duk lokacin da mai ita ya yi numfashi, ko magana, balle waƙa da ƙarfi, wasu ƙananan ɗigo da ido ba ya gani suna fita daga bakinsa da hancinsa su tsaya cikin iskar ɗaki. Ta ce in tuna hayaƙin itace a kicin da aka rufe, yadda yake taruwa ya cika ko'ina, har wanda ke can kusurwa ya shaƙa. In taga a buɗe take, iska ta kwashe shi. In a rufe take, kowa yana shaƙar abin da ɗan uwansa ya fitar, kuma daɗewar zama tana ƙara yawansa. Wanda ya fi kusa da bakin mai cutar shi ya fi kwasa. Tana faɗin haka ina ganin fuskar Mama a ɗage a gabana. Na juya mata baya don kada ta ga idona.

Wajen mako uku bayan biso, 'yar Mama ta zo gidana riƙe da kwalba a leda. Ba ta shiga ba, a bakin ƙofa ta tsaya. Ta ce kawunta ne, ƙanin Mama da ke kiwon zuma a Kagoro, ya ba ta ta kawo mini. Wai Mama ta kira shi a waya a yammacin ranar da ta dawo daga gidana, ta ce ya nemo zuma mai kyau ya aiko wa yarinyarta mai waƙa. Ta ce masa muryata ta dushe, ina ta danne tari, ba ni da lafiya amma taurin kai ba zai bar ni in faɗa ba, hidimar biki ce ta gajiyar da ni. Rashin mota ne ya hana shi aikowa da wuri. Ashe Mama ta lura. Awa biyu tana zaune a gabana tana jin ciwon a muryata, ba ta kawo komai a ranta ba sai yadda za ta nema mini magani. 'Yarta ta miƙo mini kwalbar, ta tsaya tana kallona, ta daɗe. Na karɓa da hannu biyu na ce na gode, Allah ya jiƙan Mama. Ta juya ta tafi.

Shekara uku na yi da wannan abu a ciki. Aka buɗe majami'u, na koma na tsaya a gaba, amma in na buɗe baki sai waƙar ta ƙi fita. Na nemi a sauke ni, na ce shekaru ne. Na rame, na zama mai faɗa ba dalili. Mijina ne na fara gaya wa. Ya ce ba shi ne ya kamata ya fara ji ba, na san gidan da zan je. Na je shagon ɗinkin 'yar Mama wata Talata da hantsi, na durƙusa a gaban kekenta na faɗa mata komai, tun daga buhun citta har ƙaryar da na yi mata a waya. Ba ta daina ɗinki ba sai da ta kai ƙarshen layin. Sannan ta ce tun ranar da kawunta ya ba ta kwalbar nan ta sani. Ta ce kowace Lahadi tana kallona, tana jiran ranar da zan zo. Ta ce ba ta fi ƙarfin yafewa ba, tunda ita ma ana yafe mata, amma akwai abu ɗaya: shekara uku ana cewa uwarta ce ta kawo ciwo cikin zumunta, kuma ni kaɗai zan iya wanke ta. Ranar Laraba na tashi a gaban matan da na shekara goma sha shida ina ja wa waƙa, na faɗa musu da bakina. Wata da ta kwanta jinya a lokacin, wadda har yau hawa tudu ke ba ta wuya, ta ɗauki jakarta ta fita. Ba ta ƙara yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na san lokacin mutum a hannun Ubangiji yake, an gaya mini haka sau da yawa don a sanyaya mini rai. Na yarda. Amma Ubangijin ne ya ba ni hankali da kunne, ya aiko mini mutum biyu su tsayar da ni, na ture su. Korona ta lafa, amma cututtukan da ke bin numfashi ba su tafi ko'ina ba, ga mura mai tsanani, ga ƙyanda, ga tarin fuka, kuma ba mu san abin da zai zo gobe ba. Don haka ina roƙonku, musamman mata irina masu riƙe da ƙungiya, ko a majami'a ko a islamiyya ko a gidan biki. In za ku taru, ku nemi fili ko inuwar bishiya. In dole sai ɗaki, ku buɗe tagogi da ƙofa iska ta ratsa, kada ku cika shi, kada ku daɗe. A cikin mota ku bar gilashi ko kaɗan ne, gara ruwa ya ɗan taɓa kafaɗa. In ana yayin ciwo ku sa takunkumi ya rufe hanci da baki, ba haɓa ba. In allurar riga-kafi ta zo ku karɓa, ku kai tsofaffinku. Tsoho ko mai suga ko hawan jini, kada ku ja shi cikin cunkoso da sunan ƙauna.

Abin da ya fi duka kuwa, in kin ji jikinki ba daidai ba, ki zauna a gida, kuma ki faɗa. Kunyar da nake gudu ta zo ta same ni duk da haka, motar ta tsaya a ƙofata, unguwa ta gani, bayan wata biyu kowa ya manta ya ci gaba da sayen citta. Da an ɗage bikin, da 'yata ta yi aurenta bayan mako uku, Mama tana zaune a gaba. Yanzu 'yar tawa tana da yara biyu, babu wanda Mama ta ɗauka a cikinsu. Ba wani babban abu aka nema a wurina ba. A ranar na ja baiti tara da dukan ƙarfina, amma na kasa buɗe baki in ce wa matar da ta riƙe ni kamar uwa, Mama, koma gida, ba ni da lafiya.